An ba ni amanar takarda, sunan aminiyata na ciki

Assalamu alaikum Anti. Ban daɗe da fara aiki ba a matsayin sakatariyar shugaban wani kamfani, kuma komai na ofishinmu da Turanci ake yi. Turancin makaranta na iya shi daidai gwargwado, amma Turancin sirri na ofis yana neman jefa ni cikin matsala. Ina sabuwar zuwa na buɗe wata wasiƙa da aka rubuta "Private and Confidential" a jikin ambulan, ogana ya yi mini faɗa sosai, ni kuwa na ɗauka buɗe wasiƙunsa aikina ne. Yanzu ya ba ni wani fayil mai hatimin "Strictly Confidential" in buga, ya ce "keep it under wraps until the board meets". Sunayen waɗanda za a sallama daga aiki ne, kuma aminiyata tana ciki. Ita ce ma ta sanar da ni ana neman sakatariya har na samu aikin. Wani kamfani ya yi mata tayin aiki, albashin bai kai na nan ba, tana shirin ƙin karɓa. Ga kuma wani babban ma'aikaci ya tare ni ya ce in faɗa masa su waye a jerin, wai "off the record" ne, ba komai. Ranar da aka ɗauke ni na sa hannu a wata takarda da suke kira NDA, ban karanta ta sosai ba. Anti, mene ne bambancin waɗannan kalmomi, wacce ce take ɗaure ni da gaske, kuma in faɗa wa aminiyata ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da abin da ya hana ki barci, don na san in na soma da bayanin kalmomi idonki ne kawai zai bi rubutun, hankalinki yana wurin aminiyarki. Kada ki nuna mata takardar, kada ki faɗa mata abin da ke ciki, kuma kada ki yi mata hannunka-mai-sanda. Akwai abin da za ki iya yi mata wanda ya wuce naɗe hannu, zan zo kansa. Sai dai ba za ki ga dalilin wannan hukunci nawa ba sai kin gane abin da kowace kalma a wasiƙarki take nema daga gare ki.

Mu a Hausa "sirri" ya haɗe abubuwa da yawa, ga "asiri" da "amana" suna taya shi. Turancin ofis kuwa ya rarraba su, kowace kalma tana amsa tambayarta: abin na wane ne, wa aka yarda ya ji, kuma har zuwa yaushe. In kika riƙe waɗannan tambayoyi, ko kalmar da ba ki taɓa gani ba za ki iya gano inda ta dosa.

Ɗauki "private". Magana take yi a kan mai abu. Albashin mutum, ciwon da yake fama da shi, rigimar gidansa, bashin da ake binsa, duk private ne, ko da rabin ofis sun ji ƙishin-ƙishin. Abin nasa ne, shi ke da ikon buɗewa. Saboda haka duk ambulan da kika ga an rubuta "Private" ko "Personal" ko "To be opened by addressee only", ki ajiye wa mai shi a rufe, ko da buɗe sauran wasiƙunsa aikinki ne. Faɗan da ogan ya yi miki yana da tushe, amma shi ma da nasa laifin, don ya kamata ya shata miki iyaka tun ranar farko. Ki tambaye shi waɗanne wasiƙu za ki buɗe, waɗanne ba za ki taɓa ba, ki rubuta amsar ki ajiye. Wasu shugabanni suna barin sakatariya ta buɗe mai alamar "Confidential" in ta shafi aikin ofis, wasu ba sa bari. Nan ba wurin hasashe ba ne.

"Confidential" ita ce kalmar da aikinki ya tsaya a kanta. Tushenta a harshen Latin yarda ne, kuma amana ce ta fi kusa da ita a wurinmu. Abin da aka kira confidential ba daga kowa da kowa aka ɓoye shi ba. Yana zagayawa ne tsakanin wasu 'yan mutane da aka yarda da su, kuma wanda ya shigo da ke cikinsu shi kaɗai ke da ikon ƙara wani. Sharaɗin shiga shi ne abin da suke kira "need to know", wato sai wanda aikinsa ba zai yiwu ba in bai sani ba. Ke kin sani ne don sai kin gani za ki buga. Girman muƙami ba ya shigar da mutum, kusanci ma haka. "Strictly" da aka ƙara a gaba jan kunne ne, ana nufin ko tsakanin waɗanda suka sani kada a yi sakaci. Sunan aikinki kansa yana faɗar haka: "secretary", da muka mayar sakatare, dangin "secret" ce, asalinta mutumin da babba ya damƙa wa sirrinsa. Bugun takarda daga baya ya zo. Ki kuma lura da masu kama da ita a rubuce. "Confident" mai ƙarfin gwiwa ne da ya yarda da kansa, "confidant" kuwa aminin da ake kai wa damuwa. Akwai masu neman aiki da suke son su ce suna da ƙarfin gwiwa, sai su rubuta cewa su "confidential" ne, mai karantawa ya yi murmushi ya wuce.

"Secret" ta fi su faɗi, ta fi su nauyi. Ita ɓoyewar kanta take nufi, sau da yawa har da ɓoye cewa akwai abin. Kamfanoni ba su cika buga ta a takarda ba sai a "trade secret", sirrin sana'a, irin haɗin da Coca-Cola ta daɗe tana tsarewa. A gwamnati ne kalmomin suke zama hawa-hawa. A Amurka takardun da ake kira "classified" mataki uku ne, Confidential a ƙasa, Secret a tsakiya, Top Secret a sama, ana auna su da girman ɓarnar da fitarsu za ta yi wa tsaron ƙasa, kamar yadda umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13526 na shekarar 2009 ya tsara. Birtaniya kuwa a watan Afrilun 2014 ta sake nata tsarin, ta tsaya a Official da Secret da Top Secret, ta ajiye Confidential gaba ɗaya. Kin ga kalma guda, a wata gwamnati ita ce matakin ƙasa, a wata an daina buga ta, a kamfaninku kuma ƙila ita ce ƙololuwa. Kamfanoni da yawa suna amfani da Public da Internal da Confidential da Restricted, amma babu dokar da ta tilasta musu tsari ɗaya. Ƙamus ba zai faɗa miki nauyin hatimin da ke kan teburinki ba, sai kundin ƙa'idojin kamfaninku. Ki nemi kwafinsa a sashen kula da ma'aikata.

Yanzu ki sake karanta jimlar ogan naki a tsanake. "Keep it under wraps" na nufin a bar abu a lulluɓe, kuma galibi ana faɗarta ne a kan abin da za a bayyana daga baya, kamar sabon kayan da kamfani zai fitar ko naɗin muƙami. Ya kuma sa wa'adi da bakinsa, "until the board meets". 'Yan jarida suna da kalmarsu ga irin wannan, "embargo": an ba ka labari amma ba za ka buga ba sai ƙarfe kaza na rana kaza. Wannan wa'adi yana gaya miki cewa shirun da aka ɗora miki yana da ranar ƙarewa. Yana kuma gaya miki abin da ya fi haka muhimmanci, wato abin da kika buga daftari ne. Hukumar daraktoci ba ta zauna ba tukuna. Tana iya rage sunaye, tana iya ƙarawa, tana iya cewa a dakata. In kika gaya wa aminiyarki an kore ta, ta yi fushi ta ajiye aiki, sannan jerin ƙarshe ya fito babu sunanta, da wane baki za ki yi mata bayani? Ko da sunanta ya tabbata a ciki, a wurare da yawa wanda ya ajiye aiki da kansa yana rasa kuɗin sallamar da ake ba wanda kamfani ya rage. Gaggawarki tana iya cire mata haƙƙinta.

Akwai kalmomin baka da za ki riƙa ji kullum: "between you and me", "in confidence", "this stays in this room", "keep it under your hat". Mai sauraro yakan amsa da "my lips are sealed" ko "mum's the word", kuma "mum" ɗin nan ba uwa ba ce, tsohuwar kalma ce ta yin shiru. Duk roƙon kame baki ne. Babu sa hannu a cikinsu, mutuncin mai ji ne kawai jinginarsu. Na ɓangaren tonawa su ma suna da daraja-daraja. Wanda ya "let slip" ko ya "let the cat out of the bag" yawanci baki ne ya suɓuce masa. Wanda ya "spill the beans" ya zazzage komai. "Leak" fitarwa ce ga waɗanda ba su da izini, sau da yawa da gangan. "Tip off" kuwa shi ne ka tsegunta wa mutum abin da ke tafe don ya shirya, kuma shi ne daidai abin da zuciyarki ke raya miki. A baki yana da taushi. A takardar tuhuma sunansa "breach of confidentiality", kuma kamfanoni da yawa suna lissafa shi cikin "gross misconduct", laifin da ake kora a kansa nan take ba tare da wa'adi ba.

Mu zo kan wannan bawan Allah da ya tare ki. "Off the record" kalmar 'yan jarida ce, kuma a can tana da ƙa'ida. In ka yi magana "on the record", za a buga maganar da sunanka. In "on background" ce ko "not for attribution", za a buga maganar a sakaya sunanka, a ce wani jami'i ne ya faɗa. "Deep background" ta fi haka zurfi, a yi amfani da bayanin ba tare da an jingina shi ga kowa ba. "Off the record" kuwa ba don bugawa ba ce, ko da yake gidajen jarida sun ɗan sha bamban a kan iyakarta. Sharaɗin duka shi ne ɓangarorin biyu su amince kafin a buɗe baki. Wanda ya gama zuba sannan ya ce "off the record" ya makara. Abin da ke riƙe wannan alkawari shi ne sana'ar ɗan jarida ta dogara a kansa, in ya tona majiya ɗaya babu mai ƙara gaya masa komai. Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post sun riƙe sunan babbar majiyarsu a badaƙalar Watergate, wadda ta kai shugaban Amurka Nixon ga murabus a 1974, har shekara talatin da ɗoriya, sai a 2005 aka bayyana cewa Mark Felt ne, mutum na biyu a hukumar FBI a lokacin.

To, shi mutumin ofishinku ɗan jarida ne? Wace sana'a tasa ce za ta rushe in ya kai maganarki gaba? Ko da zai cika alkawari ma, kalmar ba ta yin aikin da yake so ki ɗauka tana yi. Iyakarta ta hana a buga maganar, ta kare mai magana. Ba ta ba mai magana izinin faɗar abin da aka hana shi faɗa. Da zarar kin ambaci suna ɗaya kin karya amanar, ko ya yaɗa ko bai yaɗa ba, kuma daga ranar yana riƙe da wani abu a kanki. Magana zarar bunu ce. Ni dai ban yarda da babban da zai tare sabuwar ma'aikaciya a kan abin da ya san ba nata ba ne. In yana da haƙƙin sani, ya san ƙofar ofishin oga.

Amsar da za ki ba shi gajeriya ce, cikin ladabi da sakin fuska: "I'm not at liberty to say", ko "That's not mine to share", ko "You'd have to ask him". Ta ƙarshen ta fi, don ta mayar da shi wurin mai abu. Ki guji "no comment", kunnen mutane ya saba jin ta a matsayin "e, amma ba zan faɗa ba". Haka ma "I can neither confirm nor deny", wadda hukumar CIA ta yi suna da ita tun tsakiyar shekarun 1970. A bakin hukuma tana da ma'ana, a bakin sakatariya kuwa tabbatarwa ce kawai da ado. In ya yi sau ɗaya ya bari, ki bar shi. In ya dawo, ko ya fara haɗawa da alkawari ko barazana, ki sanar da oganki.

Tunda za ki riƙa rubuta bayanan taro, ga wasu da za ki ci karo da su. In aka ce taro yana ƙarƙashin "Chatham House Rule", ƙa'ida ce da wata cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan ta kafa a 1927: kana iya amfani da abin da ka ji, amma ba za ka faɗi wanda ya faɗa ba, ko inda yake aiki, ko sauran waɗanda suka halarta. Mutane da yawa suna ɗauka tana nufin a yi shiru gaba ɗaya, alhali sunaye kawai take rufewa. "In camera" ba ruwanta da na'urar ɗaukar hoto, Latin ce mai nufin cikin ɗaki, wato zaman da aka fitar da 'yan kallo da 'yan jarida. "Privileged" a kan wasiƙa yawanci magana ce tsakanin lauya da wanda yake wakilta, wadda doka ta ba kariya ta musamman, kuma tura ta ga wanda ba ya ciki yana iya zubar da wannan kariya. Irin wannan ko kwafi kada ki yi sai an ce ki yi.

Sai NDA, wato "non-disclosure agreement", yarjejeniyar rashin bayyanawa. A duk abin da kika lissafa, ita ce wadda kotu za ta fara dubawa. Ki nemi kwafinta, haƙƙinki ne tunda kin sa hannu. Ki duba abin da ta kira "confidential information", don wasu suna faɗaɗa shi har ya haɗa duk abin da kika ji a bakin aiki. Ki duba abin da ta keɓe, da tsawon lokacinta, musamman ko tana ci gaba bayan kin bar aikin, wanda galibi haka ne, da abin da ta ce zai biyo baya in an saɓa. In wani sashe ya shige miki duhu, ki kai wa lauya. Ki kuma sani cewa ko babu ita, a ƙasashe da yawa doka tana ɗaukar riƙe sirrin wurin aiki wajibi ne a kan ma'aikaci.

Kada ki fahimce ni cewa duk abin da aka buga wa hatimi ya zama abin tsarewa ido rufe. Turanci ma ya ware kalmomin da ke da wari. Mutum "discreet" abin yabo ne, mai kame baki da sanin ya kamata, kuma ita ce kalmar da za ki so a rubuta a takardar shaidarki. Mutum "secretive" kuwa mai nuƙu-nuƙu ne, ana zarginsa. "Clandestine" da "covert" aiki ne a ɓoye, sau da yawa wanda ba zai jure hasken rana ba. "Cover-up" rufa-rufa ce a kan laifi, "hush money" kuɗin toshiyar baki. "Off the books" ta yi kama da "off the record" a kunne, amma tana nufin kuɗin da ba a shigar a lissafi ba. Ranar da aka ce miki ki sauya kwanan wata a takarda, ko ki lalata fayil ana tsakiyar bincike, ko "don't put this in writing" a kan maganar kuɗi, to an bar fagen amana an shiga wani fage. A nan ne kalmar "whistleblower" take shigowa, mai kwarmata laifi don amfanin jama'a. Birtaniya ta yi dokar kare irinsu a 1998, kuma a ƙarƙashinta duk sharaɗin yarjejeniyar da ke hana irin wannan kwarmato ba ya aiki. Amurka a 2022 ta yi dokar da ta rage ƙarfin NDA da aka sa wa hannu tun kafin rigima ta taso a kan cin zarafin jima'i a wurin aiki. Ko masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, da sirrin majiyyaci ke wuyansu, babbar kotun jihar Kalifoniya ta yanke a 1976 cewa in majiyyaci ya zama haɗari ga ran wani, wajibi ne su ɗauki matakin kare shi. Kowace ƙasa da nata tsarin, shi ya sa mai niyyar kwarmato yake fara ganin lauya. Amma jerin waɗanda za a rage daga aiki, komai ɗacinsa, ba ya cikin wannan sahu. Shawarar kamfani ce da ake jiran lokacin sanar da ita.

Sirri ya fi fita ta hanyar sakaci fiye da ta cin amana, don haka ki kula da hannunki. A imel, duk wanda kika sa a "cc" kowa yana ganinsa, wanda ke "bcc" ba a ganinsa, amma in ya danna "reply all" ya tona kansa ya tona ki. Kafin ki tura saƙo gaba, ki gangara ƙasa ki ga tsofaffin maganganun da ke maƙale da shi. Kada ki aika fayil ɗin nan zuwa na'urar buga takardu ta kowa da kowa sannan ki tsaya gaisawa a hanya. WhatsApp ya kulle saƙonninsa tun 2016 ta yadda na tsakiya ba ya iya karantawa, amma wannan bai hana wanda kika aika wa ɗaukar hoton allon wayarsa ba. In aka ce ki yi "redact", wato ki shafe wasu layuka kafin a fitar da takarda, ɗora baƙin zane a kan rubutu a kwamfuta ba ya goge shi. A watan Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban kamfen ɗin Donald Trump, sun shigar da takarda irin wannan a wata kotun Amurka, 'yan jarida suka kwafe abin da ke ƙarƙashin baƙin suka karanta.

Mu koma kan aminiyarki. Akwai abin da ban ga kin lura da shi ba: amana biyu ce a hannunki. Jerin sunayen amanar oganki ce. Tayin aikin da aka yi mata kuwa amanarta ce, "in confidence" ta gaya miki. Yadda ba za ki kai mata nasa ba, haka ba za ki kai masa nata ba, ko da niyyar taimakonta. In ya ji tana da wurin zuwa, ƙila hakan ne zai sa ya ƙara tabbatar da sunanta.

Abin da za ki yi shi ne ki nemi ganinsa ku biyu, ki gaya masa gaskiyar da take taki: akwai aminiyarki a jerin, ba ki faɗa mata komai ba kuma ba za ki faɗa ba, amma kin ga ya dace ya sani. Suna kiran wannan "declaring a conflict of interest", kuma shugaba mai hankali yana ƙara yarda da wanda ya yi shi. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya, ko zai yiwu a sanar da waɗanda abin ya shafa da wuri, ko shi da kansa ya yi magana da ita, tunda mutane suna yanke shawarwarin rayuwarsu kullum bisa zaton aikinsu yana nan. Shi ke da ikon buɗe wannan magana. Yana iya ƙi, amma kin bi ta inda ya dace.

Game da tayin kuwa, ki ba ta shawarar da za ki ba ta tun kafin ki ga fayil ɗin, wadda kowane mai hankali zai bayar: kada ta yi saurin rufe ƙofa, ta nemi su ƙara mata kwanaki ta yi tunani, ta gwada neman ƙarin albashi. Wannan ba tsegumi ba ne muddin kin tsaya a nan. Ma'aunin shi ne, da oganki yana tsaye yana ji, za ki iya faɗar maganar da irin wannan murya da irin wannan kallo? In sai kin haɗa da rausayar da kai da "ki dai karɓa, na san abin da nake faɗa", to kin faɗa ke nan. Ki tuna mutum nawa ne suka ga takardar. In ta fita, sabuwar sakatariya mai ƙawa a jerin ita za a fara nunawa, ku biyu ku rasa aiki a wata ɗaya, ke kuma ba tare da takardar shaida ba.

In ta tambaye ki kai tsaye, kada ki yi mata ƙarya, kada ki ce ba ta ciki, kada ki rantse. Ki ce aikinki ya hana ki magana a kan duk abin da ya bi ta teburinki, mai daɗi da marar daɗi, kuma haka za ki amsa wa kowa. Ki fara ba da wannan amsa tun yau a kan ƙananan abubuwa ma, ko wa ya tambaya, don kada shirunki na rana ɗaya ya zama labari.

Ba zan ɓoye miki ba, in sunanta ya fito tana iya jin haushinki, kuma tana da uzuri, ita ce silar zamanki a kujerar. Kada ki kare kanki da dogon bayani a ranar. Ki ce kin sani, an ɗaure ki, kin roƙi a sanar da wuri. Sannan ki yi abin da kujerar taki ta ba ki dama: ki tabbata an lissafa mata haƙƙoƙinta daidai kuma takardunta ba su kwana a tire ba, ki tuna wa oga ya rubuta mata takardar shaida mai kyau tun kafin ta nema. Daftarin wannan takarda ta hannunki zai bi, ki zauna ki tsara shi da kyau.